Dawar Baba da Lissafin da Ba Shi da Matsaya

Duk shekara idan bazara ta kankama, zafi ya fara dafa mutum a cikin rigarsa, nakan iso wani babi a littafin lissafi wanda da ina da iko da na tsallake shi. Ba wai wuya gare shi ba. Ni malamin lissafi ne a sakandare, na daɗe ina shaƙar ƙurar alli, na koyar a Faskari kafin a maido ni Ƙanƙara, kuma babin nan ko daga barci aka tashe ni zan zuba shi a allo ban yi tuntuɓe ba. Gajiya kawai yake sa ni, kuma gajiyar ba ta ƙafa ba ce ko ta maƙogwaro.

Littafin yana da sunan da ya ba abin da Turanci, ni dai matsaya nake ce wa yara. Tambayar ita ce, idan lamba ta yi ta girma, ta yi ta girma ba ranar dainawa, ina amsar lissafin take dosa, a ina za ta je ta natsu? Nakan fara masu da mai sauƙi, ɗaya a raba da x. In ce masu ga ƙuli-ƙuli guda, ku raba wa mutum goma. Yanzu ku raba wa ɗari. Ku raba wa duk wanda ya ci kasuwar 'Yankara. Rabon kowa ƙara ƙanƙancewa yake yi, yana matsawa kusa da sifili, to sifili ne matsayarsa. Wannan kam har 'yan bencin baya masu gyangyaɗi suna ɗaga kai su ce sun gane.

Daga nan sai in rubuta sin x, wanda muke kira sayin, in ce to wannan fa? A nan rigima take farawa. Sayin ba ya wuce ɗaya ta sama, ba ya wuce ɗaya ta ƙasan sifili, tsakanin nan yake ta kai da komowa. Misalin da nake ba su shi ne bawul ɗin tayar keke, wurin da ake ɗura mata iska. Ka hau kekenka daga Ƙanƙara ka nufi Sabuwa, ka wuce, ka yi ta tafiya har inda ƙarfinka ya ƙare, bawul ɗin nan sama yake yi ya yi ƙasa, ya sake yin sama ya dawo. Tsawon tafiya ba ya sa shi ya zaɓi wuri ɗaya ya zauna. Saboda haka amsa ita ce babu matsaya, kuma haka ake so ka rubuta, ka ja layi a ƙarƙashi.

Ba sa rubutawa. Wallahi ba sa rubutawa! Wani ya sa sifili, wani ya sa ɗaya, wani ya bar wurin fayau ya ce biro ne ya ƙare mashi. In na yi tsawa na ce ba yanzun nan na gama gaya maku ba, sai su sunkuyar da kai, can wani ya ce, "Malam, ai ba daɗi mutum ya ce maka babu." To ya zan yi da su? Haka aka raine mu duka. A wurinmu ba a duban babba a ce mashi babu kai tsaye. Ka je duba marar lafiya yana kwance ko juyi ba ya iyawa, ka tambayi jiki, da sauƙi za a ce maka. Yaran nan gani suke in sun rubuta mani babu matsaya kamar sun yi mani rashin kunya ne. Ni ma da nake buga masu tebur, akwai wanda nake komawa gida in tarar yana jiran amsa irin wannan daga bakina.

Mahaifina ne. Manomi ne a wani ɗan ƙauye da ke bayan Damari, a ƙasar Sabuwa, can ya yi furfura, can aka binne mahaifiyata. Da ɓarayin daji suka matsa, aka kore mashi shanun huɗa, maƙwabta suka fara watsewa, na aika na sake aikawa kafin ya yarda ya taho. Wata motar hatsi ce ta kawo shi. Direban ɗan wajensu ne, mutum mai fara'a da yawan surutu, yana bin kasuwanni yana sayen masara da dawa, kuma tun daga ranar ya zama shi ne mai kawo mana labarin gida. Da Baba ya sauko daga motar na ga kayansa, ban san lokacin da na ce, "Baba, ke nan?" ba. Tufafi ne a ƙunshe cikin bargo, da buta, da rediyo, sai wani dami na zangarniyar dawa da ya rungume kamar jariri, ya ƙi yarda a sa mashi a bayan mota.

Iri ne. Kaura ce da ya gada daga mahaifinsa, doguwa, mai jinkirin nuna, sai kowa ya gama girbi ita take cika ido. Baba bai taɓa sayen iri a kasuwa ba, yana ma ganin abin kunya ne. Kafin a sa lauje a gona yakan zaga shi kaɗai yana duba zangarnu, wadda ta fi cika ya yanke ta daban, ya ɗaure su dami guda, ya rataye a saman murhu inda hayaƙi zai kore ƙwari. Wannan damin ba a taɓa shi ko yunwa za ta kashe gida. Shi ne ya ɗauko ya bar rumbu cike.

A gidan da nake haya ya sa na buga mashi ƙusa a madafa, daidai saman murhun maiɗakina, ya rataye. Kullum da safe in ya dawo masallaci sai ya leƙa. In ta kwana biyu tana girki da gawayi sai ya yi gyaran murya ya ce hayaƙi ya yi ƙaranci, dole ta koma itace. Ita kuwa mai haƙuri ce amma bakinta ba ya shiru, ta ce mani, "Malam, damin nan fa ya fi ni gata a gidan nan. Ni ba wanda ke leƙo ni da safe ya ga ko ƙwari sun taɓa ni."

Iri ba dutse ba ne, yana da rai, kuma ran yana raguwa. Duk shekarar da ya kwana a rataye ba a kai shi ƙasa ba, wasu ƙwayoyin mutuwa suke yi a cikin ɓawonsu. Baba ya fi ni sanin haka. Da an fara ganin hadari yana haɗuwa ta gabas, sai ya ciro zangarniya ɗaya, ya murje a tafin hannu, ya zuba a wani yankin buhun algarara da ya jiƙa, ya naɗe ya ajiye bayan randa. Bayan 'yan kwanaki ya buɗe ya gani. Shekarar farko buhun fari fat ya yi da tsiro, har yana kiran jikokinsa su zo su kalla. Abin da ya rage kawai shi ne a koma Damari a shuka kafin irin ya mutu, kuma tambayarsa kullum ɗaya ce.

"Malam," haka yake kirana tunda na fara koyarwa, rabi girmamawa rabi zolaya, "abin ga yaushe za shi lahwa?"

Ni kuwa in ce, "Ana nan ana ta addu'a, Baba. An ce da sauƙi."

Bazarar farko direban nan ya biyo daga kasuwar 'Yankara, tun daga ƙofar gida yake ɗaga murya. An yi sulhu, hanya ta buɗe, mutane sun fara komawa sharar gona. Ban taɓa ganin Baba haka ba. Tsoho ya miƙe kamar saurayi, ya sa aka wanke mashi tufafi, ya kai fartanyarsa maƙera aka yi mata baki, ya bi maƙwabta gida gida yana sallama yana neman gafara. Har goro ya raba. Mun shirya za ni raka shi ƙarshen mako, kafin ranar ta zo aka bugo waya cewa an tare hanya an kwashi mutane, cikinsu har da wanda gonarsa ke iyaka da tamu. Baba ya shiga ɗaki ya kwanta ya juya wa ƙofa baya. Abinci sai dai a kai a ɗauko yadda aka ajiye. Sai da limamin unguwarmu ya zo ya zauna da shi kafin ya yarda ya sha kunu.

Na ce to mu shuka a nan mana. Ya dube ni kamar na ce a shuka a kan kwano. Ƙasar Ƙanƙara ba ta Damari ba ce, in ji shi, ruwan nan da wuri yake ɗaukewa, kaurarsa kuwa tana son laka da damina mai tsawo. Duk da haka na lallashe shi muka shuka 'yan layuka a wani kango da ke bayan gidanmu. Ta fito, ta yi tsawo har ta leƙa katanga, masu wucewa suna tsayawa suna sha'awa. Tana cikin fitar da kai ruwa ya ɗauke. Zangarnun suka bushe ba ƙwaya, sai ƙaiƙayi. Baba ya tsaya a kangon ya murza ɗaya a hannu, ya hure, ya juya ya shige gida, kuma da ya yi faɗa da ya fi mani sauƙi.

Wata shekarar Baba ya ba direban 'yan zangarnu ya kai wa wani ɗan'uwanmu da ya rage a can. Ɗan'uwan ya karɓa don kunya. Wa zai so dawar da ta fi mutum tsawo a lokacin da kowa ke son ya hango abin da ke tahowa daga nesa? Wa zai so amfanin da sai an koma daji girbinsa bayan kowa ya kwashe nasa ya gudu? Mutanen da suka rage duk sun koma waken suya da masara mai saurin nuna. Ya dai shuka a gefen gona, ta yi kyau, aka ce, amma da lokacin yanka ya yi ba mai iya zuwa wurin. Tsuntsaye suka ci rabonsu, saura shanun da ba mu san masu su ba suka tattake.

Haka muka yi ta yi. Bazara ta zo a ce an daidaita, kaka ta zo a ji an ƙone rumbuna. A ce an ga jami'an tsaro a hanya, a ce sun tashi. Na gaji da jin kalmar sulhu har in aka faɗe ta a rediyo tashi nake in bar wurin. Buhun bayan randa kuwa kowace shekara farinsa raguwa yake yi, daga fari fat ya koma tsilli-tsilli.

Ana cikin haka ne wata shekara yaran ajina suka zo mani da wata sabuwa. Na rubuta sin x a allo, na ba su misalin keke, na ce kowa ya gwada. Kalkuleta ba ta fi 'yan ƙwaya ba a ajin, sai suka taru gungu gungu a kan masu ita. Can sai na ji hayaniya ta murna, wata yarinya da ke zama a gaba, wadda ta fi kowa kai a ajin, ta ɗaga hannu tana tsalle a kan benci.

"Malam, mun samo! Yana da matsaya!"

Na ce, "Ke, zauna. Wace irin matsaya?"

Ta ce sun danna sayin na dubu, ya ba su −0.9848. Sun ƙara sifili ya zama dubu goma, ya ba su −0.9848. Dubu ɗari, haka. Miliyan, haka. Duk sifilin da suka ƙara amsar ba ta motsa ba. Ajin ya ɗauki tafi, har na bayan nan da ba su san me ake ciki ba suna buga tebur. Murnarsu ba ta cin nasara a kaina ba ce, murna ce ta an tsira, ba sai sun rubuta mani babu ba.

Na karɓi kalkuletar na danna da kaina, na ga haka ne. Na ɗan tsaya da alli a hannu ina kallon allo kafin abin ya faɗo mani. Kalkuletocin duk a kan digiri suke, zagaye ɗaya kuwa digiri ɗari uku da sittin ne. In ka cire cikakkun zagaye daga dubu, saura ɗari biyu da tamanin. In ka cire daga dubu goma, saura ɗari biyu da tamanin. Ko sifili nawa ka jera, ragowar ke nan. Wato yaran nan sun yi ta tuƙa keken, amma duk sanda za su sunkuya su dubi bawul, sai sun dube shi daidai lokacin da ya dawo wurin da suka bar shi. Suka ɗauka ya tsaya.

Na ce wa yarinyar, "Ƙara tamanin a kan miliyan ɗin nan, ki danna." Ta danna, ya ba ta sifili. Na ce, "To maimakon tamanin ƙara ɗari da saba'in." Ya ba ta ɗaya cif. Murnarta ta koma ciki.

Ranar na yi faɗan da ya fi ƙarfin laifin. Na ce masu ragwaye, na ce ba ku da aiki sai jera sifili kamar masu kirga ƙwai, na ce wanda ya sake kawo mani wannan lambar sai ya share filin makaranta. Suna ta kallona suna mamakin me ya yi zafi haka. Ba su san ba da su nake ba. Ina tsaye a gaban allon direban nan nake gani, da fara'arsa, yana shigowa duk shekara a lokaci guda, bayan an gama kwashe abin kwashewa, kafin sabon amfani ya fito, lokacin da daji ya bushe ba abin da za a tare hanya dominsa. Ba ƙarya yake yi ba, bawan Allah. Abin da ya gani yake faɗa, sai dai kullum a wuri ɗaya yake sunkuyawa ya duba. Na koma gida da yamma Baba na zaune a ƙofar zaure da rediyonsa, ya yi mani tambayarsa, na ce mashi an ce da sauƙi.

Darasin da ke bin wannan shi ne sin x a raba da x. Yara sun fi son shi don yana da amsa. Na sama yana nan yana hawa da sauka yadda ya saba, bai wuce ɗaya ba, na ƙasa kuwa girma yake ta yi. Ƙuli-ƙulin nan ne dai guda, wani lokaci ma bai kai guda ba, masu rabo suna ta ƙaruwa. In ka zana shi a allo sai ka ga layin ya fara da babban tudu da babban kwari, na gaba bai kai shi ba, na gaba bai kai wannan ba, har ya zama da ƙyar ido ke ganin motsinsa. Matsayarsa sifili. Yarinyar nan ta daɗe tana kallon zanen, sannan ta ce, "Malam, wato shi ma bai daina hawa da sauka ba, ƙarfi ne dai ya ƙare mashi." Na ce haka ne, ki rubuta sifili. Na goge allon da sauri na ba su aikin gida.

Ai na riga na ga wannan zanen a gidana. Baban da ya raba goro a sulhun farko, a na gaba tufafi kawai ya sa aka wanke. Daga baya sai dai ya rage muryar rediyo ya saurara, ya ce Allah Ya tabbatar. Mummunan labari ma haka. Wanda ya ƙi cin abinci saboda an tare hanya, ranar da aka gaya mashi an ƙone rumbunsa da ɗakin da mahaifiyata ta zauna, salati ya yi, sannan ya tambayi maiɗakina ko akwai sauran ruwan zafi. Ita ta ce mani Baba ya samu dangana, mu gode wa Allah. Wataƙila haka ne. Ni dai tsoro abin ya ba ni.

Bazarar da ta wuce ya jiƙa buhunsa kamar kullum. Da ya buɗe ina tsaye a kansa. Tsiron da ya fito ɗan kaɗan ne, nan ɗaya can ɗaya, sirara kamar zare, sauran ƙwayoyin sun kumbura sun yi baƙi suna wari. Ya taɓa su da yatsa ya ce, "Bana ne ko babu." Shi ya faɗi kalmar, ba ni ba. In an shuka da yawa a rami bana, za a samu abin da zai tashi a fitar da sabon iri. In aka sake kwana, shi ke nan, kaurar kakana ta ƙare a kan ƙusa a gidan haya.

Ba a yi mako ba sai ga direban. A bakin makaranta ya same ni, ya ƙi ma bari in gama sallamar yara. Wannan karon daban ne, in ji shi, ya rantse ya sake rantsewa. Da idonsa ya ga mutanen ƙauyenmu sun koma, sun yi sharar gona, har an gyara rufin masallaci. Ya ce jibi zai shiga ɗaukar kaya, akwai wuri a gaban mota, in Baba ya shirya ya zo ya ɗauke shi har ƙofar gida.

Na san lokacin shekara ne. Na san a ina bawul yake. Amma na lissafa a raina cewa ko da abin zai sake lalacewa da kaka, shuka dai za a yi, kuma ko zangarniya goma aka tsira da ita iri ya rayu. Na ce zan nemi izini a makaranta in bi shi, in yi mashi huɗar da hannuna in ta kama, ni da rabona da fartanya tun ina saurayi. Na hau babur na taho gida da saurin da ban saba ba, har na kusa take akuyar maƙwabta a kwana.

Yana zaune a inuwar zaure yana gyaran carbinsa da ya tsinke. Na durƙusa na gaishe shi, na kwashe labari duka na gaya mashi, har da rufin masallaci, har da wurin zama a gaban mota. Ina magana ina jin kaina kamar yaran ajina ranar da suka samo lambarsu. Ya saurara har na gama, bai daina zura ƙwayar carbi a zare ba.

Ya ce, "To, madalla."

Da wannan muryar ya tambayi ruwan zafi ranar rumbu. Na ce, "Baba, jibi fa. In ce mashi ya biyo?"

Ya ƙulla zaren ya cije ragowar da haƙori, sannan ya ce, "Sauko mani da damin ga."

Zuciyata ta yi sanyi, na ce alhamdu lillahi. Na shiga madafa na taka turmi na sauko da shi, ya yi baƙi da hayaƙi, ya yi sauƙi a hannu fiye da yadda nake zato. Na kawo na ajiye a gabansa. Ya kwance igiyar, ya ɗaga zangarnun ɗaya bayan ɗaya yana kakkaɓewa, sannan ya ɗaga murya ya kira maiɗakina. Ta zo ta durƙusa daga gefe.

Ya ce, "Ɗiyata, amshi. Ki sussuke, ki surfe, a kai inji. Tuwonta nika so yau."

Ta dube ni, na dube ta. Na ce, "Haba Baba! Iri ne fa. Kai ka ce bana ne. In ba ka iya tafiyar, ni in tafi in shuka, ka zauna."

"Ka tahi ka shuka, in zauna nan ina sauraren waya har kaka?" Ya girgiza kai. "Na gaji, Malam. Ba ni da sauran abin da zan yi murna da shi, ba ni da na baƙin ciki. Ɗiyan ga naka an haife su ba su taɓa sanin ɗanɗanon dawar gidansu ba. Bari su ci."

Raina ya ɓaci, na ji kamar in fizge damin in fita da shi. Amma ba a ja da uba a kan abin da ya gada, kuma a gaban surukarsa. Na tashi na koma bayan gida na tsaya a kangon nan ina jin ƙarar taɓarya. Maiɗakina da ke cewa damin ya fi ta gata, tana sussuka tana share ido da gefen mayafi, yaran suna zagaye da ita suna tsince ƙwayar da ta fallatsa. Na buga wa direban waya na ce kada ya biyo. Ya ce lafiya? Na ce da sauƙi.

Bayan magariba aka kawo tuwon, da miyar kuka da ɗan man shanu. Launinsa rawaya-rawaya, ƙamshinsa da ɗan hayaƙi a ciki, bai fi malmala kaɗan ba, kowa ya samu guda. Baba ya sa aka kira yaran suka zauna a tabarmarsa, abin da ba ya yi, ya ce su ci a hankali su ji. Ƙaramar ta ce ya fi na masara daɗi, ta tambaya ko gobe ma shi za a yi.

Na kai loma baki ina fatan in ji ya tsufa, ya yi ɗaci ko gari-gari, in samu abin da zan riƙe in ce dama ya riga ya mutu. Wallahi tuwon ya yi daɗi, irin wanda na tashi da shi, kuma wannan ne ya fi ƙona mani rai. Baba ya cinye nasa tas, ya suɗe yatsu, ya miƙa wa maiɗakina kwanon ya ce in da sauran miya ta ƙaro mashi.